Ragon da Baba Ya Ba Unguwa Aro

Ko zan manta komai na Illela, ban da shekarar da tumakin unguwarmu suka yi ta ɓari. Lokacin Turawa suna nan, ni kuma na dawo hutu daga makarantar 'yan mata ta Sakkwato, ina jin na fi kowa sani.

Watanni kafin nan Baba ya sayo wani farin rago a Ƙonni, ya sake shi cikin garkenmu a ranar. A unguwarmu ba a hana aron rago. Mai tunkiya zai aiko, a ba shi ya yi barbara, ya maido. Marainan ragon nan a kumbure suke, amma kowa ya ɗauka alamar ƙarfi ce, har rububinsa ake yi.

Gwaggona, ƙanwar Baba, mijinta ya rasu, tumaki biyar ne gonarta. Huɗu suka zubar da ciki. Da hannunta take zaro matattun 'ya'yan, ta jefar da mahaifa bayan gida, karnuka su ja har bakin rijiya. Daga baya zazzaɓi ya kama ta, ya tafi ya dawo, gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta.

Da malamin dabbobi ya zo allurar shanu, na matsa masa sai da ya biyo ni gida. Ya shafa ragon, ya ce bakale ne, cutar da ke sa ɓari, tana kama mutum ma. A ware shi, a daina aro, a riƙa binne mahaifa. A gaban Baba ya faɗi haka.

Washegari wani maƙwabci ya zo aro. Na leƙa zaure, na ga Baba na kwance igiyar ragon, kunya ta hana shi cewa a'a. A gaban dattawan da ke zaune na ce, "Baba, ragonka ya gama da tumakin Gwaggo, na wa kuma suka rage?"

"Shiga gida," ya ce, bai ko dube ni ba.

Gwaggo na kwance a tabarma, ta ji komai. Ta ce, "Ke, mi kika sani? Sau uku ina roƙo nai kafin ya ba ni. Alheri yay yi, ɗiyata."

Da la'asar Baba ya yanka ragon, ya binne shi, ko fatar bai cire ba. Sannan ya bi gida gida yana gaya wa mutane da bakinsa cewa ragonsa ne ya kawo cutar. Ina kallonsa daga ƙofa, na ga tsufan da ban taɓa lura da shi ba. Gwaggo ta tashi, amma daga nan sai da sanda take tafiya.

Tun daga nan baƙuwar dabba turkenta daban a gidanmu, sai an ga lafiyarta. Ni kuma na koyi cewa wanda ya yi ɓarna garin yin alheri, gefe ake jansa a faɗa masa. Gaskiya na faɗa, amma zaure ba wurinta ba ne.