Kwaɗo da Soyayyen Shinge

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ranar da na shiga aji da kwaɗo a bokiti ba za ta fita ba. A Potiskum ne, cikin shekarun casa'in, ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka tura ni wata firamare gwajin koyarwa. Ina zaune wajen goggona a Yindiski. Babana kuwa tun daga Gadaka ya yanke magana: shekara uku ya ba ni, in na faɗi in tattaro kayana in dawo gida, babu maimaici.

Malamin da kwaleji ta turo ya duba ni mutum ne mai tsauri, murmushi ma sai ya ga dama. Ranar Litinin ya zauna a bayan aji biyar ina darasin kwaɗo. Komai na tafiya daidai har bakina ya ja mini. Na ce wa yara kwaɗo ba gani kaɗai yake yi da idonsa ba, har haɗiyar abinci da shi yake yi. Ai kuwa sai na hango jan biro ya hau takarda.

Da aka tashi ya ce, "Malama, a wane littafi kika karanta wannan?"

Na ce, "Ba a littafi ba ne, Malam. A gindin randar gidanmu na gani tun ina yarinya."

"To ni ba na ba randa maki. Tatsuniya kika koya wa 'ya'yan mutane."

Ni kuwa da taurin kai aka haife ni. Raina ya ɓaci, na roƙe shi ya ba ni zuwa Alhamis in nuna masa. Ya ce ya ji, amma in bai gani da idonsa ba, makin faɗuwar da ya rubuta ya zauna ke nan.

Ina komawa gida na kama wani ƙaton kwaɗo a gindin randar Goggo, na sa shi a bokiti da jiƙaƙƙen yashi, na bar shi da yunwa. Ranar Laraba Allah ya taimake ni aka yi ruwa, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, na tara rabin kwano da ransa na rufe da faifai. Da safe ina shiri sai ƙamshin suya ya bugi hancina. Na ruga madafi.

Goggo ta miƙo mini kwanon tana fara'a. "'Yar nan, kin tara abu kin bari zai lalace. Ga shi na soya miki, gishiri ne kawai ban sa ba."

Kuka ya zo mini, amma lokaci ya ƙure. Haka na ɗauki bokitina da soyayyen shingena na kama hanya.

A aji na juye kwaɗon a daro, yara suka zagaye, Malam na tsaye a kanmu. Na zuba shinge a gaban kwaɗon. Ko kallo bai ishe shi ba, ya yi zamansa kamar mai shanun da bai ji tayin da ya gamshe shi ba. Yara suka fara ƙus-ƙus. Malam ya dubi agogo, gumi ya jiƙa mini gyale, har na fara hango kaina a motar Gadaka.

Sai wani ƙuda ya gitta, na ga kwaɗon ya juya ya bi shi da ido. Nan take na tuna: abin da ba ya motsi, idon kwaɗo ba ya ɗaukarsa abinci. Na zaro tsinke daga tsintsiyar aji, na fara tura shinge ɗaya yana ɗan rawa a gabansa.

Caraf! Harshe ya fito, shinge ya ɓace. Sai manyan idanun nan biyu suka runtse suka lotsa cikin kai, sannan suka dawo waje.

Ajin ya kaure da ihu. "Ya nutse! Wallahi idon ya nutse!"

Malam ya ce, "Sake."

Na sake. Ya tattare rigarsa ya tsuguna, ya karɓi tsinken ya gwada da kansa har sau uku. Ni kuma na bayyana wa yara yadda idanun ke danno abinci daga saman baki su taya tura shi maƙogwaro. A gabana ya soke makin Litinin ya rubuta wani, ya ce, "Malama, kin ci, kuma ni ma yau na ƙaru." Daɗin da na ji ba ya faɗuwa, da ƙyar na hana kaina rangaɗa guɗa a cikin aji.

Ranar na gane cewa in kana da gaskiya, musu ba ya isa, sai ka ɗauko ta ka ajiye a gaban mutum ya duba. Na yi shekaru ina koyarwa bayan nan, kuma ban taɓa ce wa ɗalibi ya yi ƙarya ba sai na fara ce masa ya nuna mini.