Zoɓon da Anti ta kashe wa sukari

A shekarar da na ajiye aikin karanta labarai a rediyo na tafi Kuala Lumpur ƙaro karatu, ban kama ɗaki ba. Na sauka a gidan yayana a unguwar Wangsa Maju, a wani dogon bene inda yake zaune da matarsa da 'ya'yansu biyu. Shi yana koyar da lissafi a jami'a, kowa Dakta yake ce masa, ni kuma Auta suke ce min. Ita kuwa, wadda nake kira Anti, tana riƙe da gida, tana kuma yi wa ɗalibai 'yan Najeriya dambun nama da cincin idan kewar gida ta kama su.

Ban daɗe da zuwa ba likita ta zaunar da Yaya ta faɗa masa gaskiya. Sukarinsa ya ƙi sauka duk da ƙwayoyin da yake sha. Ta ce ko dai ya rage abinci mai sitaci sosai kafin ranar da zai koma gwaji, ko kuma ta rubuta masa allurar da zai riƙa yi wa kansa kullum. Yaya ba ya tsoron shugaban sashensu, ba ya tsoron jami'an shige da fice. Amma tun muna yara, idan aka ce masu rigakafi sun shigo unguwa, sai an bi gidajen maƙwabta ana nemansa. Ya dawo daga asibiti ya tara mu a falo, ya ce daga yau shi da shinkafa sai dai kallo.

Duk wanda ya zauna a Malesiya ya san nauyin wannan magana, domin da shinkafa ake karya kumallo a ƙasar. Duk da haka abincin bai ba shi wahala kamar yadda muka zata ba. Ya koma ƙwai, kifi, kaza da kabeji. Miyar kuka ma ya koyi shanta da cokali, babu tuwo. Abin sha ne ya gagara. A ƙasan benenmu akwai mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, inda shi da abokansa suke zama bayan la'asar, kowa da kofinsa na teh tarik, shayin nan mai madarar gwangwani da ake ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Yanzu sai a ajiye musu shayi, shi a ajiye masa ruwan ɗumi. Ya jure na ɗan lokaci, sannan ya daina sauka. Ya zama mai saurin fushi. Yara suka koyi yin shiru idan sun ji ƙarar mukullinsa.

Mutum ɗaya ne yake fahimtarsa, dattijon da ƙofarsa take kallon tamu, ɗan asalin Sin, tsohon malamin makaranta. Kowa a benen Ankul yake ce masa. Shi ma ciwon sukari gare shi, shi ma ya bar sitaci, don haka da safe tare suke zagaya filin unguwa suna gulmar shinkafa. Ankul yana shan giya, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ya ce tun da ya fara wannan tsarin abinci ya rabu da giyar hatsi, don ita shinkafa ce a cikin kwalba, kuma ko wadda ba ta da zaƙi yanzu ɗan kaɗan yake taɓawa a ƙarshen mako. Yaya yakan saurara ne kawai don haƙƙin maƙwabtaka.

Anti ce ta samo mafita, ko abin da ta ɗauka mafita ce. A zauren waya na matan 'yan Najeriya wata ta turo bidiyo da ake cewa idan aka bar abin sha mai zaƙi ya kwana biyu a rufe, wasu ƙananan halittu za su cinye sukarin, ɗanɗano ya rage. Wannan bai zama mata baƙon abu ba. Ta girma tana ganin ana jiƙa gero a bar shi ya yi tsami a dama koko, ana barin madara ta kwana ta zama nono. A wurinta duk abin da aka bari ya kwana, tsami yake yi, kuma tsami halal ne.

Sai ta dafa zoɓo irin na biki. Ta sa citta da kanumfari, ta sa ɓawon abarba, ta zuba sukari ba tare da tausayi ba, tunda ai za a cinye shi. Ta ɗura a manyan robobin ruwa, ta ɗaure bakinsu tam, ta jera su a baranda bayan injin wanki, inda zafin garin yake taruwa. Kullum sai ta ɗanɗana da bakin cokali ta ce, "Saura kaɗan." Robobin suka yi tauri kamar ganga. Wata safiya na same ta ta ɗiga zoɓon a kan tsinken na'urar gwajin sukarin Yaya. Na'urar ta yi ta tunani, sannan ta nuna alamar kuskure.

"Kin gani ko?" in ji Anti. "Ta nema ta rasa."

Na ce mata anya kuwa. Ta ce ni na san karanta labarai, ita ta san kicin. Ta saka robobin a firji, ta hana kowa taɓawa. Magani ne, na Dakta ne shi kaɗai.

Ranar Asabar ce, yara sun tafi hadda. Yaya ya dawo daga sallar azahar, tun ƙwai biyu na safe bai sa komai a cikinsa ba. Anti ta ajiye masa gasasshen kifi da kokwamba, sannan ta murɗe murfin roba ɗaya. Robar ta yi tsaki mai tsawo kamar tayar mota. Zoɓon ya sauka a kofi jajir, yana tartsatsi.

Yaya ya kurɓa, ya rufe ido. "Maman yara, babu sukari a nan?"

"Ko ɗigo. An cinye."

Ya shanye, ya miƙa kofi. Ya shanye na biyu kafin ya taɓa kifin. Ina zaune a kan tabarma ina gyara wani aikin makaranta, don haka na ga komai da idona. Da farko ya cire hula ya ajiye a gwiwarsa, abin da ba ya yi. Daga nan ya kalli fankar sama ya yi dariya. Mun fi wata ba mu ji dariyarsa ba, sai da Anti ta leƙo daga kicin.

"Maman yara," ya ce, "an taɓa gaya miki kuwa ke kyakkyawa ce?"

"Dakta, Auta fa tana zaune."

"To ta ji mana. Ai 'yar rediyo ce. Auta, ki kai labarin nan Kano, ki sa shi a kanun labarai."

Anti ta rufe fuska da gefen hijabi, amma ba ta koma kicin ba. Yaya ya ba mu labarin ranar da ya je zance wurinta da aron takalmi, labarin da ni ƙanwarsa ban taɓa ji ba. Ya kwaikwayi tafiyar shugaban sashensu daga ƙofa zuwa taga. Ya rera wata waƙar 'yan mata ta dandali da muryarsa ta malamin lissafi, yana buga teburi. Muka yi dariya har na kwanta a kan tabarma. Anti tana share hawaye tana cewa, "Ashe sukari ne yake sa mutum baƙin rai."

Sai ya miƙe, ya ɗan dafa kujera, ya ce rashin adalci ne ya sha wannan alheri shi kaɗai alhali abokin jinyarsa yana can yana fama da ruwan ɗumi. Ya buɗe ƙofa ya ƙwanƙwasa ta Ankul, ya jawo shi da hannu har falonmu, dattijon yana cikin singileti da gajeren wando.

Ankul ya karɓi kofi, ya kai hanci. Ya tsaya. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye. Sannan ya kalli Yaya, ya kalli hular da ke ƙasa, ya kalli Anti cikin dogon hijabinta. Da Turanci ya yi magana.

"Dakta, wa ya yi wannan?"

"Matata!" in ji Yaya, yana nuna ta da hannu biyu.

"Madam, hannunki yana da kyau. Na sayi wadda ba ta kai wannan ba." Ya sake kurɓa. "Amma na ɗauka ku ba ku sha."

Ankul ya ga fuskokinmu, ya ajiye kofin a hankali, ya koma malamin makaranta. Ya ce bidiyon bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. An cinye sukarin, amma masu cinsa barasa suke bari a madadinsa. Ba ta da ƙarfi sosai, in ji shi, sai dai mutumin da bai taɓa sha ba, kuma cikinsa babu shinkafa babu burodi, kaɗan ma ta ishe shi. Shi kansa tun da ya bar sitaci, abin da yake sha a da ya tashi garau, yanzu rabinsa yake sa shi neman bango.

Anti ta zauna a ƙasa tana salati. Yaya ya ɗauki hularsa ya saka, ta karkace, ya gyara. Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa, ya yi istigfari, ta sake ƙwacewa.

"Auta," ya ce, "wancan labarin, ki janye shi."

Ni na kira wani abokinsa mai karatun fiƙihu a Gombak, na sa wayar a fili. Ya saurara har ƙarshe, muna jin yana danne dariya. Ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, haka ita ma wadda ta haɗa. Kada dai ya ƙara, a zubar da sauran, kuma kada ya tayar da la'asar sai kansa ya dawo daidai. Ankul kuma ya dage sai Yaya ya gwada sukarinsa nan take ya kuma ci abinci, domin barasa a kan maganin sukari takan kayar da mutum. Aka gwada, ya yi ƙasa fiye da yadda ya saba. Yaya ya cinye kifin nan, Ankul ya tsaya a kansa har ya ƙara da rabin ayaba.

Zubarwar ma sai da ta zama kallo. Ankul ya ce tunda zubarwa za a yi, ƙofarsa a buɗe take. Yaya ya ce, "Abokina, abin da ba zan sha ba, ba zan ba ka kyauta ba." Ankul ya dafe ƙirji ya biyo mu kicin don ya yi bankwana. Roba ta farko ta tafi lafiya. Ta biyu da Anti ta buɗe da sauri, sai ta yi tsiri har silin, ta yi mana ruwan zoɓo mu huɗu. Singiletin Ankul bai ƙara zama fari ba.

Washegari dariya ta ƙare. Yaya ya tashi da ciwon kai da kunya, kuma abin da ya sa rai a kai ya tafi a kwata. Da rana ya ture farantin kabeji ya ce, "Maman yara, dafa min shinkafa. In allura ce a yi."

Anti ba ta yi masa gardama ba. Ta tambaye shi abin da ya fi burge shi a zoɓon jiya kafin kansa ya fara juyawa. Ya ce yajin cittar ne, da wannan tartsatsin da ke cizon harshe. Zaƙi ma bai ji ba, kuma bai nema ba.

Ta aike ni kedai, ƙaramin kantin da ke ƙasa, na sayo ruwan soda wanda babu komai a cikinsa sai iska. Ta dafa sabon zoɓo, wannan karon babu sukari babu abarba, citta dai ta ninka ta, ta jefa ganyen pandan mai ƙamshi da matan Malay suke sawa a girki. Da ya huce ta matsa lemon tsami, ta haɗa da sodar a gabansa. Yaya ya ƙi taɓawa sai da aka kira Ankul. Ankul ya shinshina, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Wannan babu abin da zai yi wa kowa," ya ce. "Sha abinka."

Ba a dafa shinkafar ba. Daga ranar Anti take dafa zoɓon kullum da safe, duk wanda ya rage da yamma ta zubar, ba ta yarda ko kofi ɗaya ya kwana. Yaya ya koma sauka mamak da 'yar gorarsa a hannu. Abokansa, waɗanda labari ya riga ya kai musu, sai su riƙa matsar da kujerunsu suna cewa, "Dakta, na yau na jiya ne ko na yau?" Yakan ce musu su sha shayinsu, likita tana jiransu su ma.

Ranar komawa asibiti ni na raka shi, don Anti ta ce zuciyarta ba za ta iya ba. Likitar Bamalaya ce, mai ƙaramar murya. Yaya ya ga ya kamata ta san komai, ya ba ta labarin zoɓo. Ta rufe baki da fayil ta yi dariya har kafaɗunta suna rawa, sannan ta gyara zama ta ce ya yi sa'a maƙwabcinsa ya sa shi cin abinci. Ta duba sakamakon gwajin ta daɗe tana kallo. Yaya yana kallon wani tiren ƙarfe mai allurai da ke gefenta.

Ta ce sukarin ya sauko. Bai kai inda take so ba, amma ya kama hanya. Ya ci gaba da ƙwayoyinsa da tsarin abincinsa, babu buƙatar allura a yanzu.

Ya daure har muka fito bakin titi, muka tsaya a inuwar tashar jirgin ƙasa. Ya ciro waya ya kira gida.

"Maman yara," ya ce, "ba allura."

Guɗar da Anti ta rangaɗa sai da ya janye wayar daga kunnensa. Wata mata da ke tsaye kusa da mu ta juyo tana tambaya ko haihuwa aka yi.