Ranar da Aka Binne Kyanwar Zango

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Na dawo daga famfo da bokitin ruwa a ka, sai na tarar ƙofar gidanmu a Zangon Kumasi ta cika da baƙi. Tonawa ne, wato mutanen Asante, maza da mata, sun yafa zannuwan makokinsu baƙi da ja, wasu da ganguna rataye a kafaɗa. Wani ƙaton direban tirotiro, wato ƙaramar bas ɗin haya, ya kifa kai a bango yana ta rusa kuka. Na san Baba Isaka ya rasu tun da asuba, don salatin matarsa ne ya tashe mu. Amma ban san yana da jama'a haka ba.

Baba Isaka ɗan haya ne a gidan mahaifina, shi da matarsa Inna Hajo, a ɗakin da ke kusa da madafa. Allah bai ba su haihuwa ba. Dogon tsoho ne mai ɗingishi, yatsun hannunsa duk sun karkace. Mun sha jin manya suna cewa a zamaninsa shi ne golan babbar ƙungiyar ƙwallon garin, har aka laƙaba masa Kyanwar Zango saboda tsalle, amma mu yara ba mu ɗauki zancen da muhimmanci ba. Mu dai mun san shi a kan benci bayan la'asar, da 'yar rediyo manne a kunne, yana faɗa da alƙalin wasan da ba ya jinsa.

Idan mun taso daga makarantar allo, 'yan mata sukan ja gefe suna ampe, wasan tsalle da tafi, maza kuma su baje a tsakar gida da ƙwallon da suka ɗaura da tsofaffin safa. Ni ƙwallon nake so, yayyena kuma kullum korata suke yi. Baba Isaka ne ya sa baki, ya ce a sa ni gola. Turmi da randa su ne ragata. Yana daga benci zai ɗaga murya: "Zuwaira, daina rufe ido! Ƙwallo ba ya cizo." In mahaifiyata ta fito tana faɗan ga wanke-wanke can ƙudaje na bi, sai ya ce, "Uwar gida, a yi mana haƙuri, saura bugu ɗaya." Bugu ɗayan nan sai ya kai mu kiran magariba.

Ranar rasuwar, na sauke ruwan na raɓe a bakin zaure. Shugaban magoya bayan ƙungiyar, wani dattijo da ake kira Opanyin Kwaku, yana roƙon mahaifina a kai gawar firij na asibiti. So suke su yi shiri na makonni, su shimfiɗe shi a filin wasa, gari duka ya zo ya yi bankwana da kiɗa, kamar yadda suke yi wa manyansu. Mahaifina ya amsa da Tonanci cikin ladabi cewa an riga an haƙa kabari, bayan azahar za a kai shi. Sai muryoyi suka fara tashi. Wani saurayi daga cikin Tonawan ya ce mutumin nan na Kumasi ne duka, ba na Zango kaɗai ba. Samarin unguwarmu su ma suka fara matsowa, fuska a ɗaure.

Ana cikin haka Inna Hajo ta fito, lulluɓe da mayafi, ta tsaya daga bayan labulen zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Opanyin, na san ku ya yi wa wasa, kuma har ya mutu zancenku yake. Amma ni ya bar wa wasiyya, ya ce kada rana ta faɗi yana bisa ƙasa. In kuna sonsa, ku zo ku ɗauke shi da hannunku."

Sai dattijon ya zame zanensa daga kafaɗa, ya tuɓe takalmi, irin girmamawar da suke yi wa sarki. Ya juya ya ce a ajiye gangunan. Aka jera su a zaurenmu.

Da aka idar da sallar gawa, Tonawan suna tsaye can baya, sai liman ya yafito su. Na hau kan benci ina leƙe ta saman katanga. Makarar tana tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, mai hula ya miƙa wa mai zane, har bakin babban titi inda motar maƙabarta ke jira. Ba kiɗa, ba waƙa, sai ƙarar silifa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Mata ba sa raka gawa, don haka matan Tonawa suka shigo suka zauna da iyayenmu a kan tabarmi, suna ta cewa "due, due", wato sannu da rashi. Wata mai sayar da kifi ta ba da labarin ranar da ya tare fanareti da karyayyen yatsa, filin ya ruɗe har ta ɓatar da ɗankwalinta. Inna Hajo ta yi dariya cikin hawaye, ta ce ita ta sha wahalar yatsan nan, wata guda tana shafa masa man kaɗanya yana raki. Kowa ya kwashe da dariya, aka kuma komawa kuka.

Yanzu an rushe rabin gidan an yi shaguna. Yaran Zango suna yawo da rigunan ƙungiyoyin Turai, suna kallon wasa a waya. 'Yata tana buga wa makarantarsu ƙwallo da takalmin gaske, ba mai ce mata kanzil. Kwanaki na tambayi wasu samari a layinmu ko sun taɓa jin Kyanwar Zango, suka dubi juna. Ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka yi masa kuka a ranar, yawancinsu sun bi shi. Allah ya jiƙan Baba Isaka.