Mahaɗin da Dalhatu Ya Tahi Sayowa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Laraba, tara ga watan Azumin Tsofaffi, 'yan bindiga sunka tare mota tsakanin Isa da garinmu, sunka harbe Dalhatu mai gyaran famfo. Ni Fatu, ta Unguwar Lalle, ni ka magana, jikata Basira na rubutawa, don ban yi karatu ba.

Dalhatu, ɗana, ban haihe ka ba, amma saboda ni ka hau motar nan.

Ka san tun da daji ya ɓaci, rijiyar bayan gari ta zama abin tsoro. Ɗiyan mutane biyu anka ɗauke can. Ni ƙahwa ba ta kai ni, sai Basira. Duk randa ta ɗau jarka, ina bakin ƙohwa tsaye har ta dawo. Kai ka jawo muna ruwa daga tankin Islamiyya da baƙin bututu, ka kawo har zaure.

Maƙwabcinmu Abbas ya ce shi ma ya iya, a bar mai sauran aikin. Ya haɗa baƙin da hwarin bututun cikin gida, ya shahe da gam. Kwana ukku ya ɓalle, anka kulle ruwa.

Da ka zo ka duba, ka ce, "Inna, wa ya yi wanga aiki, mai ɗinkin takalma? Hwari na jin gam, baƙi ba ya ji, ko an juye mai gwangwani guda. Sai mahaɗi mai murɗi, kuma nan babu, sai Isa. Za ni gobe."

Na ce kak ka tahi, hanya ba kyau. Ka dubi Basira da jarkarta, ka ce, "To ita hanyar rijiya tana da kyau?" Ka ɗaure wurin da robar tayar keke, ka ce zai ɗiga, amma kada Basira ta hita sai ka dawo.

Da anka kawo gawarka, matarka Sadiƙa ta iske mahaɗin cikin aljihunka, naɗe a leda. Ita ta aiko muna shi. Robar ta tsinke ran Juma'a, anka kulle tanki, randarmu ba ko ɗigo, Basira ta sake ɗaukar jarka. Na ce aje ta. Na kira Abbas, na zamna kusa da shi, na hwaɗa mai yadda ka ce: gam ga hwari, murɗi ga baƙi. Ya haɗa. Anka buɗe tanki. Bai ɗiga ba.

Da ruwan nan munka dahwa abincin sadakar ukkunka.

Allah shi jiƙan ka, Dalhatu, shi shayar da kai ruwan Alkausara. Sadiƙa, ke da ɗiyanki, Allah shi ba ku haƙuri, ku yahe mini. Basira ba ta sake zuwa rijiya ba.