Hular da Aka Bari a Turke

A Zurmi na tashi, a ɗakin kakata Iya Ige. Bayan lisha takan tura kara a murhu, mu kewaye ta, hayaƙi na cin idanunmu. Tatsuniyoyinta na dariya ne, ban da guda ɗaya, wadda takan yi bayan an yanke dawa, lokacin da samari ke sukuwa a gonaki.

Wai wata mace ce da ɗanta mahayin doki. Ta ɗinka masa hula mai kauri, ta danƙara mata auduga kamar kwalkwalin mayaƙan da. Abokansa suka ce, "Gammo ka ɗauka? Rijiya za ka?" Ranar sukuwa ya rataye hular a turke, ya hau kai ba komai. Uwar ta hango shi ta saman darni. Amma ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, balle gaban mutane.

"Sai ta ce mi?" Iya kan tambaye mu. "Sai ta ce, 'Kai, wancan!' To, cikin samari ashirin wa zai waiwaya?"

Dokin ya zurma ƙafa a rami, kan yaron ya daki kututture. Iya ba ta taɓa rufe wannan da ƙurunƙus ba. Toka kawai takan watsa wa wutar. Sai da na girma na ji cewa haka babban wan mahaifina ya tafi.

Fataucin fata ya kai ni Maraɗi, Ikko, har Sudan. A filayen tseren da na leƙa, ban ga mai hawa ba hular kwano ba, igiyarta ɗaure a haɓa. Na sayo wa ɗana na fari guda ɗaya, na aika ta hannun ƙanena.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, aka yi sukuwa a Shinkafi. Ina zaune cikin dattawa na hango hular rataye a babur, ɗan nawa kuma ya sa ƙafa a likkafa. Na buɗe baki, na dubi surukina a gefena, na rufe.

Ina yaro na ɗauka Iya da yara masu taurin kai take. Ashe da mu take, mu da za mu haihu.

Dokin ya kayar da ɗana, amma bai mutu ba. Yana zaure, uwarsa ke ba shi kunu a baki. Yanzu kullum ina kiransa gaban kowa: Bello, Bello. Ba ya waiwayowa.