Sunanka Yana Nan a Saman Fayil

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha bakwai ga Maris, ina cikin bas zan tafi aiki a wannan ƙasa da ba tawa ba, ƙanwarka ta kira ta ce ka cika. Ko jana'izarka ban samu ba, Yaya Tela.

Shekara shida muna teburi ɗaya kafin kamfani ya turo ni reshen nan. Ban manta fom ɗin ganin likita da muka saka cikin shafin intanet na wani asibiti ba, a firam, wato wata 'yar taga mai ƙayyadadden tsayi. A kwamfutar manaja komai lafiya lau. A ƙaramar waya kuwa firam ɗin yana datse ƙasan fom, maɓallin aikawa ya ɓace. Tsofaffi su cike komai, su rasa inda za su danna. Manaja ya ce a ƙara tsayin bisa ƙiyasi, a wuce wurin. Ka ce kai ba ka ɗinki sai ka auna. Daga ranar ka zama Tela.

Layi goma sha tara na umarnin kwamfuta ka rubuta a fayil, da sunanka a samansa: shafin ciki ya auna kansa, ya gaya wa na waje, firam ya miƙe ko ya tsuke. A tsohuwar wayar mahaifiyarka ka gwada, kuma ba ka yarda ya yi ba sai da ita da kanta ta danna ya tafi.

Ba zan yi maka kwalliya don ka mutu ba. Kana da taurin kai, ka taɓa goge mini aikin mako guda ba ko sannu. Amma duk abin da na iya, a hannunka na koya.

Jiya manaja ya umarce ni in share sunayen ma'aikata daga saman fayiloli, wai aiki na kamfani ne. Ba mugu ba ne, har maƙabarta ya raka ka. Sai dai da na ƙi, ya tuna mini cewa da wasiƙarsa ake sabunta takardar zamana.

Na ce, "Yallaɓai, a nemi wani hannun. Nawa ba zai goge sunan Tela ba."

In komawa gida ce, na gaji da nan dama.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabari. Mama, matarsa Anti da yara, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku gaya wa yaran sunan ubansu yana nan inda ya rubuta shi.