Kore da Ja a Teburin Malam Sada

Ban taɓa mantawa da Talatar da oga ya tura ni wani asibitin kuɗi da ke wajen Ƙofar Guga ba, don in tabbatar cewa laifi ba namu ba ne. Lokacin ina shekara ta uku a ƙaramin kamfaninmu na rubuta manhaja, kuma a raina na gama sanin komai.

Ga wanda ba ya cikin sana'ar, ba daga tushe muke gina manhajar intanet ba. Akwai ginshiƙin da ake samu a shirye, da shafukansa da madannansa, sai mu ɗora namu aikin a kai. Kamanninsa kuma, wato launi da girman rubutu da siffar madannai, shi muke kira tim, ana iya sauya shi daga fayil guda. Wannan sashen aka ba ni.

Da aka ba mu aikin manhajar asibitin, manajansa ya ce yana son abu na zamani. Sai na saki hannu. Madannan da suka zo da rubutun "Ajiye" da "Soke" na cire musu rubutu, na mai da su ƙananan da'ira guda biyu iri ɗaya, ɗaya kore ɗaya ja. A wasu shafukan kore na dama, a wasu yana hagu, gwargwadon yadda ya fi yi mini kyau. Kowa ya yaba, ni ma na yaba wa kaina fiye da kowa.

Bayan 'yan makonni ƙorafi ya taso. Mara lafiya zai yanki kati, ya zauna tun safe, a ƙarshe a ce sunansa ba ya cikin layin ganin likita. Duk daga teburi ɗaya abin ke fitowa, na Malam Sada, dattijon da ke ɗakin kati tun ana rubutawa a takarda. Manaja ya yanke cewa tsufa ne, ƙarshen wata za a sallame shi. Rahotona kawai ake jira.

Na duba bayanan da manhajar ke adanawa. Babu kuskure a aikinmu, Malam Sada da hannunsa yake danna sokewa. Gaskiya na ji daɗi. Har na naɗe wayar cajata, sai na ga rashin kyautawa ne in fita ban gaida shi ba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gidanmu a Kambarawa, ashe ya san kakana. Ya jawo mini kujera, na zauna ina kallon aikinsa.

Rubutunsa da sauri yake, ko harafi ba ya kuskurewa. Amma duk sanda ya zo ƙarshen shafi sai hannunsa ya tsaya. Na ce masa ai koren zai danna. Ya jira matar da ke gaban taga ta matsa, sannan ya rage murya.

"Ɗiyata, wane na koren? Ni duk biyun ɗaya suke a idona. Tun ina yaro haka nike."

Ya ce da farko ya haddace cewa na dama ne, sai ya tarar wani wurin ba haka ba. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce idan ya faɗa, kafin la'asar labari ya zama Sada ya makance, kuma bayan mai ɗakinsa babu wanda ya taɓa sani. Ya roƙe ni in bar maganar a nan.

Kunya ta kama ni sosai. Mutum ya yi shekaru yana aikinsa lafiya lau, ni na zo da ƙawa na toshe masa hanya.

Da na koma ofis na rubuta cewa matsalar daga tim take: madannai babu rubutu, kuma wurinsu na sauyawa. Duka gaskiya ne, abu ɗaya kawai na bari a cikina. Oga ya karanta ya ɓata rai, ya ce an aike ni wanke kamfani na dawo na shafa masa baƙi. Na ce aikina ne, ni zan gyara. Kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba.

Gyaran bai kai awa uku ba. Na mayar da rubutun, na sa madannin ajiyewa shuɗi mai faɗi, kullum a dama, na sokewa kuma ƙarami mai tambaya kafin ya soke. Daga ranar suna bai sake ɓata ba, maganar sallama ta mutu.

Abin da na koya, ku ƙanana a sana'ar ku riƙe: mutanenmu ba sa cewa ba su gani ba. Za su ce ba komai, su ɗauki laifin, ko da aikinsu zai tafi. Bayanan manhaja suna nuna wanda ya danna, ba sa nuna wanda ya sa shi. Sai ka je ka zauna kusa da shi.

Ranar da na koma duba aikin, manaja ya tare ni da fara'a, ya ce ashe tsoho ya koyi kwamfuta a ƙarshe. Malam Sada yana zaune yana ji. Ya ce, "Ƙwarai kuwa, ranka shi daɗe," ya kira mai bi a layi.